Kyandir Mai Lamba Ashirin da Huɗu

Alhamis, 30 ga Nuwamba

'Yata Gitte ta sauke mini jikata Solvej, ta koma a jirgin ruwan yamma. Aikin jinya zai kai ta Greenland har zuwa Kirsimeti, kuma ba ta da wanda za ta bar wa yarinyar, ba don haka ba ai da ba ta zo ba. Tun jana'izar uwarta Bodil, shekara biyu ke nan, ba ta taka tsibirin nan ba. A bakin ƙofa ta ce, "Baba, shekararta huɗu. Kada ka buɗe mata makaranta kamar yadda ka yi mini."

Juma'a, 1 ga Disamba

Mun kunna kyandirin Disamba da karin kumallo. Lamba ɗaya a sama, ashirin da huɗu a gindi, kullum a ƙone guda. Na ce wa Solvej ranar da ya ƙare uwarta za ta dawo.

Talata, 5 ga Disamba

Shekara talatin da takwas ina koyar da lissafi, yau 'yar shekara huɗu ta ƙure ni. Na jera mana biskit biyar biyar. Na ɗan baza nawa, sai ta ce na cuce ta. Muka ƙirga tare, biyar, biyar, ta yarda. Amma wai duk da haka nawa sun fi yawa, tunda sun fi tsawo. Kai! Sai da na ciji leɓe.

Juma'a, 8 ga Disamba

Na fita ɗebo itace, ban hure kyandirin ba, na biye wa maƙwabcina Preben da surutunsa. Ko da na dawo wuta ta ci har sha biyu, ita kuwa tana zaune ta tasa shi gaba, ta sa takalmi da hula. Wai kada in kashe, ta kusa kawo Mama.

Na daka mata tsawa. Na ce kwana ba ya bin kyandir, kyandir ke bin kwana, wannan ai ko jariri ya sani. Muryar nan ce dai, wadda Gitte ta sha a kan wannan teburin tana haddar jadawalin lissafi tana kuka. Na ji kunya.

Asabar, 9 ga Disamba

Ba ta ƙirga komai ba yau. Ko matakalar bene.

Litinin, 11 ga Disamba

Gidan ya koma shiru irin na bara, ga mutum biyu a ciki. Na rasa dabara, sai na ɗauko cokula ina ƙirgawa da ƙarfi: ɗaya, biyu, huɗu. Ta leƙo daga ƙarƙashin tebur ta ce, "Kaka, ka tsallake uku. Kai ba ka iya ba ne?" Na ce tsufa ne, ta taimaka mini. Ta kama ɗan yatsana tana dangwala shi kan kowane cokali. Ashe ita sai ta taɓa abu yake shiga lissafi.

Laraba, 13 ga Disamba

Kwana ya cim ma kyandir, mun sake kunnawa. Da na tambaye ta mu nawa ne a gidan, ta ce uku, ta dangwala ni, ta dangwala kanta, ta dangwala hoton Bodil. Ban gyara mata ba.

Lahadi, 17 ga Disamba

Gitte ta bugo. Za ta iso ranar ashirin da huɗu, su ci abinci, washegari su bi jirgin safe. Na ce to. Me zan ce?

Laraba, 20 ga Disamba

Kwanan nan ina hure kyandirin da wuri. Saboda tsaro ne, labule na kusa.

Lahadi, 24 ga Disamba

Gitte ta iso, ta rame. Solvej ta maƙale mata a wuya. Bayan mun ci agwagwa da faten shinkafa, Gitte ta ce a haɗa kaya, gobe tafiya. Yarinyar ta sauko da kyandir, ta dangwala lambobin da suka rage ɗaya bayan ɗaya, ta ce a'a, saura uku, Kaka ya ce sai ya ƙare.

Gitte ta dubi kyandirin, ta dube ni.

"Baba, kai da ba ka taɓa kuskuren lissafi ba?"

Na ce kyandirin bana ne ba shi da kyau. Can ta ɗauki wayarta ta shiga kicin, na jiyo tana tambayar ko akwai wuri a jirgin Laraba.

Litinin, 25 ga Disamba

Faranti uku a tebur. Solvej ta ce huɗu ne, Gitte ta ɗauko na huɗun da kanta.

Ban kunna kyandirin ba yau. Na nemi ashana na rasa.