Takardar Hutun Karatuna

Zuwa ga yayata Tinuade,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara da dukan danginmu na Abijan. Allah ya ba ki sauƙin gwiwar nan, ya sa albarka a kasuwa. Mu nan lafiya lau. Kunbi ta gama bautar ƙasa. Na je Ejigbo ran Juma'a na ga Mama, tana nan da faɗanta, wai amalar da ake tuƙa mata duk gudaji ce.

Yaya, da kika tambaye ni a waya maganar kujerar shugaban laburaren jami'armu, na ce miki layi ba kyau. Layi lafiyarsa ƙalau, bakina ne ya ƙi buɗuwa. Ba a ba ni ba. Shekara bakwai ina riƙon ƙwarya, amma ko ganawar tantance masu neman kujerar ba a kira ni ba, domin ƙa'ida ta ce sai mai digirin dokta. An ba Gbadebo, wanda ni na koya masa jera littattafai a kanta. Da na karanta sanarwar sai na ci gaba da cin dafaffiyar masarata. Har yau ina jiran kukan ya zo, shiru.

Laifin wa zan gani? A wurinmu manyan ma'aikata ɗaya bayan ɗaya suke tafiya hutun ƙaro karatu, kuma sau uku layi yana zuwa kaina. Na farko, masu tantance kwasa-kwasai suna tafe, na ce Olaniyi ya je. Na biyu, muna kwashe sunayen littattafai zuwa kwamfuta, na bar wa Akanji. Na uku, rufin ɗakin mujallu ya yi yoyo, Gbadebo ya tafi. Kowannensu yakan ce ai ni uwa ce, riƙon gida sai mata, su maza in an bar musu wurin ko kwana uku ba za a yi ba sai an nemi makulli an rasa. Mu yi dariya, in sa hannu. Ni ma abin da nake gaya wa kaina ke nan, in na tafi wa zai riƙe laburaren? Shugaban kwamitin da ya zaɓi Gbadebo ya tare ni a matakala ya ce bai taɓa ganin macen da ta iya tafiyar da ma'aikata kamata ba, takarda ce kawai ta rage mini. Na yi masa godiya.

Ran Litinin Gbadebo ya shigo ofis, ya kwanta rub da ciki da babbar rigarsa ya gaishe ni, ya ce shi ɗana ne har abada, kujera suna ce kawai. Na ce ya tashi kada ya ɓata guga. Na ba shi makullai, sannan na miƙa masa takardar neman hutun karatuna, tunda yanzu sa hannunsa ake bukata. Ya juya ta gaba da baya, ya sosa ƙeya, ya ce haba Mama, in na tafi yanzu wa zai riƙe laburaren, in yi haƙuri a ga baɗi. Shekarata hamsin da takwas, Yaya. Ban ji haushi ba, ban ji komai ba. Na naɗe takardar na mayar jaka, na koma na raba wa ma'aikata aikin mako kamar kullum.

Ki gaida mini Baba Sikiru da Adunni da mijinta, da Alhaja Wuraola mai shago kusa da naki. Leshin da kika aiko don walimar samun kujerar yana cikin akwati, ban kai wa tela ba. Ki faɗa mini ko in ba direban motar Abijan ya maido miki, ba zai rasa mai saye ba. Don Allah kada ki gaya wa Mama, ta riga ta gayyaci matan unguwa.

Ƙanwarki,
Mojirayo