Kujeru Shida da Idon Inna

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar direbobin tashar garinmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, ina gaida direbobi da 'yan kamasho da duk wanda ke neman abincinsa a tashar nan. Allah ya tsare mana hanya.

Ba ka san ni ba, domin ni ba ma'abocin shiga mota ba ne. Sunana Asumana, gyaran injin ban-ruwa nake yi a garaken albasa, kuma a kan babur ɗina nake yawon aikina. Na rubuto maka a fili ne saboda abin da ya same ni a tasharku zai iya samun wani gobe. Akwai kuma dalili na biyu: rabin laifin nawa ne, na kuwa gaji da ɗaukarsa ni kaɗai a ciki.

Na farko, yadda na zo garin nan. Shekara ashirin na yi ina haya a Madawa tare da iyalina da mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Bara mai gidan ya ƙara kuɗi har sau biyu, sai na shiga neman mafita. Wani mai garka ya nuna mini gida a nan, ɗaki uku da fili da inuwa, a kan kuɗin da bai kai rabin na can ba. Garin yana tsakanin Madawa da Buza, duk inda aiki ya kira ni zan je in dawo in ci tuwon gidana, har Keita ma idan na yi sammako. Ranar da na zo duba gidan, ranar kasuwa ce. Na ga motoci jere a tasharku, wannan na tashi wata na shigowa. Na koma Madawa ina ta cika baki cewa mota ba ta yankewa a garin nan. Ni da aka haifa a Adar, na san sarai mota kasuwa take bi, amma arhar gida ta rufe mini ido, ban tambayi kowa yadda tasha take a sauran kwanaki shidan ba.

Inna ba ta so tashin ba. Cutar yanar ido ta rufe mata ido biyu, haske kawai take rarrabewa da duhu. A tsohon gida ƙafarta ta san ko'ina, daga ɗakinta zuwa randa, daga randa zuwa bayan gida, har gidan maƙwabciyarta tana zuwa ba jagora. Likita kuma, wato asibiti, tana kusa, da ƙafa muke zuwa. Da na gaya mata shawarar da na yanke, ta ce in dai na ga shi ne alheri, to. Na ji sanyin muryarta, na yi kamar ban ji ba. A sabon gida sai da na ɗaura mata igiya daga ƙofar ɗaki zuwa bayan gida, ita take bi har yau.

Na biyu, abin da ya faru a tasharku. Bayan ƙaramar Salla likitocin ido suka sauka Madawa na 'yan kwanaki, irin waɗanda kan zo su yi wa talakawa aikin yana su wuce. Na kai Inna awo, aka yi sa'a ranar kasuwarmu ce, ko minti goma ba mu yi a tasha ba. Suka duba ta, suka ce idon zai gyaru. Suka ba mu takarda cewa mu dawo ranar Talata kafin ƙarfe goma sha ɗaya, ita ce ranarsu ta ƙarshe.

Ranar Talata ƙarfe bakwai muna tasha. Inna ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na Salla. Mota ɗaya ce tak ke lodin Madawa, mai ɗaukar mutum goma sha tara, kuma na leƙa na gan ta kusan cike. Ɗan kamasho ya ce saura mutum biyu. Na biya, na zaunar da Inna kusa da taga. Can wata mata ta zo da kwando, sai wani daga cikin na zaune ya sauka kamar zai sayo goro, bai dawo ba. Wani dattijo ya zo, wani ya sauka kamar zai kama ruwa. Ƙarfe takwas saura mutum biyu, ƙarfe tara ma saura mutum biyu. Sai a lokacin na gane cewa yawancin waɗanda na tarar a motar ba matafiya ba ne. 'Yan zaman tasha ne da ake dasawa a kujeru don mai zuwa ya ɗauka mota ta kusa tashi.

Ranka ya daɗe, wannan ita ce ƙarata. Na san mota ba ta tashi sai ta cika, na san mai da tsada, ban ce direba ya yi asara don uwata ba. Amma da an gaya mini gaskiya tun ƙarfe bakwai, da ina da awa huɗu a hannuna in nemi wata dabara. Ƙaryar da kuke ɗauka wasa ce ta sana'a, ni awa biyu da rabi ta cinye mini.

Na uku, nawa laifin, kuma shi ne ya fi nauyi. Wajen tara da rabi direban, mutumin kirki, ya ga takardar likita a hannuna. Ya ja ni gefen mota ya gaya mini gaskiya: kujeru shida ne babu kowa. Ya ce idan na biya kuɗinsu, jika tara, wato sefa dubu tara, yanzu zai tada mota, kuma za mu isa da sauran lokaci. Kuɗin nan suna aljihuna. Wallahi suna aljihuna, na ware su ne don sayen kayan gyara. Amma zuciya ta ɗebe ni. Na ce an yaudare ni tun safe, yanzu kuma ni za a tatsa? Na ce zan biya jika uku, ya ce ba za ta fitar da shi ba. A raina ina lissafin cewa in zan riƙa zubar da jika tara a tasha, me na tsira da shi da na baro Madawa? Na ce mu ƙara jira kaɗan, ai mutane za su zo. Babur ɗina yana gida, amma Inna jiri take yi, ba ta iya zama a kansa a wannan hanya mai duwatsu.

Akwai ma abin da ya riga wannan. Tsohuwar maƙwabciyar Inna ta aiko tun ranar Lahadi cewa mu zo mu kwana gidanta, mu wayi gari kusa da likita. Na ƙi. Na ji kunyar a ce mutumin da ya yi ta yabon kusancin sabon garinsa ya zo neman makwanci. Na aika mata cewa ai nan da can duk ɗaya ne.

Sai da rana ta take tsaka motar ta tashi. Muka isa bayan azahar, muka tarar ana loda kayan aiki a mota za su Tawa. Na roƙi wani ma'aikaci har na durƙusa, ya ce an riga an rufe ɗakin aiki, sai in sun sake zagayowa, kuma shi ma bai san yaushe ba. Inna na zaune a benci da zanenta na Salla, ta tambaye ni ko layinmu ya zo. Ban san da wane baki na gaya mata ba.

Tun daga ranar, duk wanda ya zo yi mana jaje, cewa nake mota ce ba ta cika ba. Inna ma haka take faɗa, ta ƙara da cewa Allah bai nufa ba. Na ɗauka ba ta san sauran zancen ba. Na manta a bakin taga na zaunar da ita, kuma a gindin tagar muka yi cinikin.

Na huɗu, roƙona gare ka. Ka hana dasa mutanen ƙarya a mota. Ɗan kamasho ya faɗi adadin kujerun da suka rage tsakaninsa da Allah, mai sauri ya san inda zai sa kansa. Ku kuma tsayar da mota ɗaya da za ta tashi a kan lokaci sananne kowace safiya, ko da kuɗinta zai ɗara na sauran, saboda masu zuwa likita da masu takardun gwamnati. Mutane irina suna ta ƙaruwa a garin nan, haya ta koro su daga manyan garuruwa, kuma ba kowa ke da babur ba. Ga duk mai shirin tasowa kuma, ina ba shi shawara ya zo duba tasha ranar da ba kasuwa, ya kuma tuna da wanda ya fi kowa rauni a gidansa kafin ya ɗaure kaya. Ka isar mini da gaisuwa ga direban nan, ya yi nasa, ni ne ban yi nawa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, ranar Juma'ar da ta wuce Inna ta kira ni ɗakinta. Ta laluba ƙarƙashin tabarma ta ciro ƙullin tsumma ta danƙa mini. 'Yan canji ne da jikokinta da baƙi ke ba ta, ta daɗe tana tarawa. Ta ce in ajiye, in likitocin sun dawo kuma mota ba ta cika ba, a biya kujeru shidan da su, kada in taɓa kuɗin aikina. Sai ta kama igiyarta ta fita alwala.

Ƙullin yana nan a aljihuna, ban iya kwance shi ba.

Allah ya ba ka ikon gyarawa, ya kiyaye direbobinka da fasinjojinsu, ya sa iyayenka su gama da kai lafiya. Ni kuma ina roƙon duk wanda ya karanta ya taya ni addu'a, Allah ya dawo da likitocin nan Inna tana da rai.

Wassalam.

Naka,
Asumana mai gyaran injin ban-ruwa