Tayar Ƙasar Sanyi

Daren Laraba, Agusta 2014, Abbasiya, Masar

Yau na mari mutum, abin da rabona da shi tun ina sakandare.

Da azahar ina gudu a kan gada tayar gaba ta fashe, matata Hauwa na baya da jaririyarmu a cinya. Motar ta daki ƙarfen gefen titi, goshin Hauwa ya tsage, jini har kan rigar yarinyar. Daga asibiti na zarce wurin wanda ya sayar min da tayoyin makon jiya, na ci kwalarsa, na kwaɗa masa mari. Bai rama ba. Sai ya nuna min hoton ƙanƙara a jikin tayar.

"Ya ustaz, na gaya maka ta ƙasar sanyi ce, kwaltar Masar za ta cinye ta. Na nuna maka sabuwa ta zafi, mai kama titi, ka ce a garinku 'yar Beljiyam ta fi ƙarko."

Wallahi haka na ce.

Aka jawo motar, ya ɗaura mata sababbi huɗu na zafi, shatin yatsuna kwance a kuncinsa. Da ya gama ya ce min ma'alish, wato in yi haƙuri. Shi ne ma ya ce min.