Na Bayar da Toka a Kangire

Assalamu alaikum Kamaluddeen. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na Ibadan. Allah ya tsare mini kai, ya ba ka lafiya da abinci mai albarka, ya raba ka da sharrin hanya. Mu nan Birnin Kudu lafiya lau. Babanka ƙafar ta yi sauƙi, har ya koma zuwa gona a mashin. Ƙanwarka Sa'adiyya ta shiga aji biyu, gero kuma ya yi kyau bana, alhamdu lillahi.

To Kamalu, magana ce da ni, kuma na kasa faɗa maka a waya shi ya sa na zauna nake dannawa da kaina. Duk sanda ka kira ka ce Inna ya ɓerayen Masar ɗina, in ce suna nan lafiya, ba gaskiya nake faɗa maka duka ba. Hotunan da nake sa Sa'adiyya ta tura maka ma, in ka lura matan kaɗai ake ɗauka. Namijin nan naka Toka ba ya gidan nan. Ni na bayar da shi.

Ka san ranar da za ka tafi ka tsayar da ni a bakin akurki ka ce Inna kar ki kalli gashi, ki kalli ci da hali, Toka shi ne uban gidan nan, 'ya'yansa ba sa cizo ba sa ciwo, shi ya sa mutane ke zuwa nema wa yaransu. Na ce na ji. To da aka yi suna a maƙwabta, mata suka shigo mana shan ruwa, wata ta leƙa akurkin ta ga Toka da kunnensa yagagge da wannan kalar tasa kamar an tsamo shi a murhu, ta ce ashe gafiya nake kiwo. Suka yi ta dariya, har da masu cewa in dafa musu. Na yi dariyar nima, amma abin ya tsaya mini a rai. Da na je Gwaram dubiya na biya kasuwa, sai na ga wani mutum da ɓerayen Masar a kwali, a ciki akwai wani fari tas, gashi har ƙasa kamar auduga. Ban tambayi uwarsa ba, ban tambayi ubansa ba, ban ma ce a miƙo mini in riƙe ba. Atishawa yake yi, mutumin ya ce ƙurar mota ce. Na saye na taho da shi ina ta murna, har na sa masa suna Ango.

Da na haɗa su da Toka faɗa suka yi ta yi. Babanka ya ce in ware baƙon in jira ka, na ce ai kiwo ba sai an yi boko ba. A satin Gwaggonka A'i ta zo daga Kangire da jikarta Jannat, yarinyar nan mai sikila, sai na ɗauki Toka na ba ta, na ce kyauta. Har godiya Gwaggo ta yi ta yi mini, ni kuwa a raina kai na rage.

Abin da ya biyo baya babu daɗin faɗa. Ango ba ya yarda a taɓa shi, ya ciji Sa'adiyya a yatsa sai da aka kai ta kemis, yanzu ko ciyawa daga nesa take wurga musu. Atishawar nan ya shafa wa matan, babbar mai jan baya ta mutu. Sauran sun haihu, 'ya'yan farare kyawawa kamar a hoto, amma ƙanana, ba sa iya cin ko ganyen dankali, ɗaya bayan ɗaya nake kwashewa ina binnewa a bayan rumbu. Wanda ya rayu halin uban ya ɗauko. Malam Salihu na firamare ya zo nema wa 'yarsa, ya ce irin na Kamalu marasa cizo yake so, na tsaya ina kame-kame na ce ba su isa rabuwa da uwa ba. Mutumin ya tafi yana sa maka albarka, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shekaranjiya na shirya na tafi Kangire da niyyar in karɓo Toka. Kai ka san a ce mace kamata ta yi kyauta ta dawo tana nema, a gidan dangin miji kuma, ba ƙaramin abu ba ne. Na shiga na tarar da Jannat a kwance a tabarma, ciwon ya tashi, ga Toka a kan ƙirjinta ya yi lamo tana shafa kunnen nan nasa. Gwaggo ta ce in ciwon ya motsa ba ta yarda da kowa sai shi, ko motsi ba ya yi har ta yi barci. Na gaishe su, na sha fura, na yi zancen damina, na yi zancen ƙafar Babanka, amma na kasa ta da zancen Toka. Da Gwaggo ta rako ni zaure sai ta kalle ni ta ce ita fa ta ga idona tun shigowata, ko biko na zo. Na rufe fuska da mayafi na gaya mata komai. Ta yi dariya har da riƙe bango, ta ce angon auduga ya ba ni kunya kenan. Daga baya ta ce in dai iri nake so, in kawo matan su kwana biyu a wajen Toka kamar yadda ake kai akuya.

To haka za a yi in ka yarda. Na ware Ango shi kaɗai a tsohon kicin, ba zan ba ɗan kowa shi ba tunda na san halinsa, ni na jawo shi ni zan ci da shi. Matan da suka rage sun daina atishawa, suna ci sosai. Ka gaya mini wacce zan fara kaiwa da kuma yaushe, wannan karon yadda ka ce haka zan yi. Ka yi haƙuri da wahalarka da na ɓata. Amma Toka kam ba zan ɗauke shi daga ƙirjin yarinyar nan ba, ko da ka ce in ɗauko. Wannan ɗaya ka bar mini.

Babanka yana gaishe ka, da Sa'adiyya, da Gwaggo A'i. Ka gaishe mini da Jafaru ɗan Kawunka Haladu in kun haɗu, ka ce uwarsa tana cigiyarsa. Allah ya yi maka albarka.

Ni ce Innarka.