Dabinon Ashta

Injamena, 9 ga Maris, 1996

Zuwa ga Yaya Kaltuma,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya ƙafarki, kumburin ya saɓe? Yaya yara da zafin Abeshe? Ta'aziyyarki ta iso, Allah ya bar zumunci.

Yaya, kaina ya ɗaure, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa. Kin san marigayi mijina Abdaraman, malamin tattalin arziki a jami'a, mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa. Kin tuna lokacin yaƙin arewa, yadda in na dawo kasuwa yake tsare ni da tambaya muna shan shayi? Nawa dabino yau, me ya sa ya hau, motar wa ba ta iso ba. Har kina yi masa tsiya, wai marowaci da digiri.

Ranar sadakar bakwai wani tsohon soja mai ɗingishi ya durƙusa bayan labule ya ce, "Hajiya, sai haƙuri, mun rasa Kyaftin." Na ce, "Bawan Allah, ka yi ɓatan kai, nan gidan malami ne." Ya ce, "Ai malamin ne idonmu. Daga farashin dabino yake gane inda abokan gaba suka taru. Ranar da ya ce sun ɗauki hayar motocin 'yan dabino, muka tare hanya. Ko ɗaya ba ta wuce ba. Da sun wuce, da ɗan yayarki Mahamat bai dawo gida ba."

Yaya, ni na kawo wannan labari gida. Ƙawata Ashta mai dabino ce ta faɗa mini, tana murna ƙanenta Togoi, direban motar dabino, ya samu haya mai tsoka. Togoi bai dawo ba. Malam da kansa ya raka ni gaisuwa, kuma daga ranar ya hana mu sayen dabino wurin kowa sai ita, ba a kuma tayawa. Ni kuwa ina ta yabon kirkinsa.

To wa na aura? In na fara kuka sai in tsaya, in rasa wanda nake yi wa.

Tunda na shiga takaba Ashta ba ta bar ni ba, ita ke dama mini kunu. Jiya ta ce, "Zenaba, irin mijinki sai an tona." Sai na ajiye kofin kunun.

In faɗa mata, ko in ci gaba da shan kununta? Ki aiko amsa ta motar Juma'a. Ki gaishe da Mahamat, amma kada ki karanta masa.

Taki ƙanwarki,
Zenaba