Rigar Masu Kwashe Shara

Kulu ƙanwata,

Ina gaisuwa. Ya jikin Malam, ya yara? Surukata Zinatu ke rubutawa daga Birmingham, ni ke faɗa. Lafiya lau muke, sai dai jikata Raki na kwance da karaya.

Duk Asabar takan hau doki a wani ƙauye, wai dole sai da riga ruwan ɗorawa mai ƙyalli, irin ta masu kwashe shara. 'Yar likita guda! Dokin Baba wa ya taɓa rataya masa tsumma kafin a ba shi hanya? Na cusa rigar ƙarƙashin katifata, ta fita da baƙaƙen kaya. Nan tun la'asar duhu yake, council, wato hukumar ƙauyen, kuma sun bar fitilun titi a mace, wai tsimi. Mai mota ya goge dokin, Raki ta faɗo, wai bai gan su ba. Makaho ne? Allah ya isa!

Ubanta Musbahu gaishe ni kawai yake yi ya wuce. Gara ya yi faɗa.

Na wanke rigar da hannuna, na rataye mata a ƙofa. Ki ce wa Malam ya sa Raki a addu'a. Kada ki gaya masa zancen katifa.

Yayarki,
Saudatu