Muryar Turai a Rumbu

Litinin, 30 Agusta 2021
Saƙo daga masu rumbu, ma'ajiyar manhajoji ta intanet. Sun sabunta tsarin kwamfutar nan na kyauta da masu aikin sa-kai na duniya ke haɗawa, ƙunshina, wato manhajar da na sa a ciki, ya daina aiki. In ban gyara ba kafin fitowa ta gaba ta tsarin, za su cire shi. Shi ne ke karanta wa makafi rubutun Hausa da baki. Muryar kuma ta matata Turai ce, Allah ya jiƙanta. A ɗakin nan na ɗauki muryarta, tana karantawa tana mita wai tuwonta zai kama.

Asabar, 4 Satumba
An kashe layin waya a jiharmu baki ɗaya saboda 'yan bindiga. Na gama gyaran, ba hanyar turawa.

Talata, 14 Satumba
An hana cin kasuwa. Gwadabe mahauci ya rasa abin yanka, ya zo ya zauna mini a zaure. "Malam, mi kaka bugawa? Wa ka biyan ka?" Na ce babu. Ya yi dariya har da buga cinya. "Duk bokon ga naka, ashe bauta kaka yi ma mutanen da ba su san hanyar Mafara ba." Ban musa ba. Abokan karatuna suna Abuja da tumbinsu.

Alhamis, 7 Oktoba
Sakkwato, don layi kawai. Hanya duk shinge. Na tura gyaran, rumbu ya ƙi karɓa: wa'adin makullin da nake sa hannu da shi a kwamfuta ya ƙare, sabunta shi sai an jira su duba. Na tarar kuma sun yi ta neman ni. Da suka ji shiru, sun rubuta wa ƙunshin "maraya". Haka suke ce wa wanda ba mai riƙo. Maraya, ina raye.

Juma'a, 8 Oktoba
Kafin in hau mota. Wata Taiba, malamar makafi a Maraɗi, ta rubuto cewa za ta ɗauki riƙon ƙunshin, ɗalibanta da shi suke karatu. Amma wai sautin ya tsufa: ko in ba ta asalin ɗaukar ta sake gina shi, ko ta sa muryar inji. Asalin ban taɓa ba kowa ba. Akwai tarinta a ciki, da dariyarta, da inda take kirana da sunan da ba wanda ya sani. Na amsa da kalma ɗaya: a'a.

Laraba, 27 Oktoba
Na kunna muryar Turai ta karanta mini takardar magani. Idona ma ya fara rauni.

Lahadi, 14 Nuwamba
Kwamfutar ta ƙi tashi sai da na yi ta fama. Gwadabe ya ce, "Ranar da kwamfutar ga ta mutu, Hajiya ta mutu sau biyu ke nan." Na kore shi. Da la'asar ya aiko da balangu.

Talata, 30 Nuwamba
Layi ya dawo. Sun riga sun cire ƙunshin, sai fitowa ta gaba, in da mai riƙo. Ba ni ba ne, na sani.
Na tura wa Taiba asalin ɗaukar. Ba wai na yarda da ita ba, faifan ajiyar kwamfutar ne ke ƙarar lalacewa. Na zauna zan yanke wurin dariyar, hannuna ya gaji, na bar shi.
Ta rubuto: "Baba, wa ke ba ta dariya haka?"
Ban amsa ba tukuna.